Wasannin telebijin na da

Tsofaffi a karkara suna kewar wasan kwaikwayon telebijin na da.

Telebijin ta shigo Nijar a 1964, amma ta ƴan lakkol ce. Sai a 1979 Télé Sahel ta fara aiki domin kowa. Gwamnati ta kai akwatuna garuruwa, wasu suna aiki da hasken rana. Akwati ɗaya, gari guda. Bayan sallar lisha kowa ya ɗauko tabarmarsa, yara a gaba cikin rairayi.

Ran da aka sa wasan Yazi Dogo da ƙungiyarsa, ba mai motsi. Yawancin labarin na cikin gida ne: maigida mai rowa, uwargida da amarya, rigimar kuɗin aure. Ana dariya, ana satar kallon maƙwabci, don kowa ya san da wa ake. Wata matar ma a nan take jin an faɗi abin da ba ta iya faɗa wa mijinta. Kashegari maganar ke nan a bakin rijiya.

Yau salula ta raba taron, yara ba su san wasannin ba. Wanda ke da tsohon kaset, ya kiyaye shi daga zafi da ƙura.