Mama King: Uwar da Aka Harbe Tana Kiɗa a Coci

Da wuya a sami wanda bai san sunan Martin Luther King ba, jagoran gwagwarmayar baƙar fatar Amurka da aka harbe a birnin Memfis ranar 4 ga Afrilu, 1968. Amma kaɗan ne suka san cewa mahaifiyarsa ma harsashi ne ajalinta, kuma a cikin ɗakin sujada, shekara shida bayansa.

Sunanta Alberta Williams. An haife ta a Atlanta, jihar Jojiya, a 1904. Mahaifinta shi ne faston cocin Baftis na Ebenezer, saboda haka a gindin bagade ta buɗe ido. Ta yi karatun koyarwa a makarantar Hampton, ta karɓi takardarta a 1924, ta fara shiga aji. Sai aure ya zo a 1926, ta auri wani matashin mai wa'azi ɗan ƙauye, wanda daga baya duniya ta sani da Martin Luther King Babba. A wancan zamani hukumar makarantun garin ba ta barin matar aure ta koyar. Haka ta ajiye alli, ta maida baiwarta gida da coci.

A gidan mahaifinta da ke titin Auburn ta haifi 'ya'ya uku: Christine a 1927, Martin a 1929, sai autansu Alfred Daniel a 1930. Da mahaifinta ya rasu a 1931, mijinta ya gaji kujerarsa. Ita kuwa ta kafa ƙungiyar mawaƙan cocin, ta zauna gaban ogan, babban abin kiɗan nan na majami'a, tun 1932 har shekara arba'in. Duk da hidimar gida da ta coci ta koma makaranta, ta sami digiri a kwalejin Morris Brown a 1938, tana da 'ya'ya uku.

Akwai wani abu da Martin bai taɓa mantawa ba. Yana ɗan wajen shekara shida, wani yaro Bature da suke wasa tare kullum ya ce masa babansa ya hana shi kula shi. Yaro ya dawo gida zuciya a karye. Uwar ba ta ruɗe shi da alewa ba, ba ta kuma ce ya yi shiru ba. Ta zaunar da shi, ta ba shi tarihin bauta da na dokar wariya, ta nuna masa cewa mutane ne suka ƙirƙiro wannan tsari, ba Allah ba, kuma shi bai fi kowa ƙanƙanta ba. A ganina duk jawaban da ya yi daga baya gaban dubban mutane, daga wannan zama suka tsiro.

Jarrabawa ta zo mata a jere. Wata goma sha biyar da binne Martin, a watan Yulin 1969, aka tsinci gawar Alfred Daniel a wurin ninƙaya na gidansa, yana da shekara 38. 'Ya'yanta maza biyu ke nan, duka. Suka bar mata jikoki tara marayu: huɗu na Martin, biyar na ƙanensa. Wace uwa ce za a ga laifinta in ta rufe ƙofa ta daina fita? Ita ba ta yi haka ba. Ta rungumi matan 'ya'yanta da jikokinta, Lahadi kuma tana wurinta a coci.

Ranar Lahadi 30 ga Yuni, 1974, sujada ta fara ke nan, tana zaune tana kiɗa Addu'ar Ubangiji, jama'a sun sunkuyar da kai. Wani saurayi baƙo ɗan shekara 23 daga jihar Ohayo, Marcus Chenault, ya miƙe da bindiga biyu ya buɗe wuta. Shi ma baƙar fata ne. Daga baya ya ce Kiristoci maƙiyansa ne, kuma mijinta ya zo nema, amma ita ce ta fi kusa da shi. Ya kashe ta, ya kashe dikin Edward Boykin, ya raunata wata mata. Cikin waɗanda suka yi kansa suka danne shi har da jikanta Derek, ɗan Alfred Daniel. Ta cika tana da shekara 69.

Mijinta, dattijon faston, wanda yanzu ya rasa 'ya'ya biyu da abokiyar zamansa ta shekara 47, ya faɗa a bainar jama'a cewa ba zai bari wani ya sa shi ƙin ɗan Adam ba. Kotu ta yanke wa Chenault hukuncin kisa. Iyalan King kuwa suka tsaya a kan matsayinsu na ƙin hukuncin kisa, ko da a kan wanda ya kashe musu uwa da kaka ne. A 1995 aka sauya hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai. A shekarar ne kuma ya mutu, bayan bugun jini ya same shi a kurkuku.