Kafin a Harba Barkonon Tsohuwa

Yawancin rigingimun da ke kai jami'in tsaro ga ɗaga kulki ko ɗana bindiga ƙanana suke farawa. A Matameye, hedikwatar gundumar Kance, wadda ke kan titin da ya taso daga Damagaram ya bi ta Ɗan Barto ya shiga Daura da Kano, abin da ke haɗa talaka da mai kaki a kullum bai wuce takardun babur ɗin ɗan kabu-kabu ba, ko lodin motar rake da ya wuce ƙima, ko ɓarawon da aka kama a kasuwa jama'a suka yi masa ca suna neman yanke masa hukunci da hannunsu. Abin da jami'i ya faɗa da yadda ya tsaya a 'yan mintocin farko shi ke sa kowa ya koma gida lafiya, ko kuwa a kwashi wani zuwa asibiti. Ra'ayina shi ne bai kamata a bar waɗannan mintoci ga halin mutum ɗaya ba, mai haƙuri ne ko mai saurin fushi. Ya kamata a samu rubutacciyar ƙa'ida da kowa ya sani, a horar da jami'ai kan kwantar da rikici da baki kamar yadda ake horar da su kan harbi, sannan duk ƙarfin da aka yi amfani da shi a rubuta shi, wani daban ya duba.

Tarihin ƙasarmu ya ishe mu hujja. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai masu maci a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu, kuma fushin da ya biyo baya yana cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. A Disambar 2011 abin ya zo mana gida: cikin kwana biyu na tarzoma a Damagaram aka rasa ɗalibi guda da wata mata, gwamnati kuma ta sauke manyan jami'an 'yan sanda, har da babban daraktansu na ƙasa. Ranar 10 ga Afrilun 2017 wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ya rasu a lokacin da ake tarwatsa zanga-zangar ɗalibai. Hukuma ta ce faɗuwa ya yi, 'yan'uwansa ɗalibai suka ce gwangwanin barkonon tsohuwa ne ya same shi a ka. Ranar 15 ga Maris ɗin 2020 gobara ta tashi a kasuwar Tagabati ta Yamai ana tsakiyar tarwatsa masu zanga-zanga, aƙalla mutum uku suka mutu, ƙungiyar Amnesty International kuma ta danganta wutar da barkonon tsohuwar da aka harba. Wanda ya jera waɗannan zai ga cewa ba harsashi kaɗai ke kisa ba. Makamin da ake cewa na tarwatsa taro ne kawai, idan an saita shi kan mutum ko an jefa shi cikin rumfunan kasuwa, rai yake ɗauka.

Sauke manya bayan an yi asarar rai yana sanyaya zukata, amma ba ya canja abin da ƙaramin jami'i zai yi gobe idan ya ga taro ya nufo shi. Ƙa'idar da yake buƙata kuwa an daɗe da rubuta ta. A 1990 taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Habana ta ƙasar Kuba ya amince da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga, kuma abin da suka ƙunsa duk mai hankali zai gane shi. Jami'i ya fara gwada hanyoyin da babu duka a cikinsu. Idan ƙarfi ya zama dole, ya yi daidai da girman barazanar. Ba a harba bindiga sai don kare rai ko hana mummunan rauni da ke dab da aukuwa, kuma a yi gargaɗi tukuna in hali ya bari. Wanda aka ji wa ciwo a gaggauta kai shi ga magani, a sanar da danginsa. Shugaban da ya san na ƙasa da shi na wuce gona da iri bai hana ba, shi ma yana da laifi. A 2020 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na majalisar ya ƙara bayani kan barkonon tsohuwa: kada a saita gwangwaninsa kan mutum, balle kai ko fuska, kada kuma a harba shi inda jama'a ba su da hanyar fita.

Kwantar da rikici da baki sana'a ce da ake koyo. Jami'i ya ja da baya kaɗan don ya samu sarari da lokaci, mutum ɗaya ya yi magana a madadin sauran, a kira wanda ake magana da shi da sunan girmamawa, a faɗa masa dalilin tsayar da shi da abin da zai biyo baya, a bar masa ƙofar da zai bi umarni ba tare da ya ji kunya a gaban abokansa ba. Wannan na ƙarshen ya fi komai nauyi a wurinmu, domin saurayin da aka mara a bainar jama'a ya gwammace a kulle shi da a ce ya sunkuyar da kai. An kuma gwada hanyar an ga amfaninta. A birnin Louisville na Amurka, masu bincike daga Jami'ar Cincinnati sun bi diddigin irin wannan horo, suka fitar da sakamako a 2020: amfani da ƙarfi ya ragu da kashi 28 cikin ɗari, raunin farar hula da kashi 26, raunin su kansu 'yan sandan da kashi 36. Louisville ba Matameye ba ce, amma wannan adadi na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. A ƙaramin gari jami'ai kaɗan ne, ɗauki kuma sai ya taso daga Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 80. Mutum biyar ba za su rinjayi kasuwa da kulki ba. Abin da zai fitar da su lafiya shi ne kada taron ya harzuƙa tun farko.

Akwai masu cewa wannan magana ta ƙasashen da ke zaune lafiya ce, mu kuwa muna fama da 'yan ta'adda a Diffa da Tillaberi da 'yan bindiga a iyakar Maraɗi, kuma taron jama'a ma yana kisa. Gaskiyarsu a nan ba ƙarama ba ce. Ranar 16 ga Janairun 2015, a tarzomar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙone majami'u da cibiyar al'adun Faransa a Damagaram, mutum biyar suka mutu har da jami'in tsaro, washegari wasu biyar suka mutu a Yamai. Jami'in da aka yi wa ruwan duwatsu yana da iyali, yana da haƙƙin kare kansa, kuma babu wata ƙa'ida da ta hana shi. Abin da ƙa'idar ke nema shi ne a bambanta mai ɗauke da wuta ko adda da ɗaruruwan da suka fito kallo ko ihu kawai. Maganar ta'addanci kuwa tana ƙarfafa hujjar ne. Jami'an tsaro ba sa ganin baƙuwar fuska a ƙauye sai an faɗa musu, kuma wanda aka taɓa lakaɗa wa duka a shingen hanya ba zai ɗauki waya ya kira jandarma ba.

Wasu kuma na ganin daga Turawa aka shigo mana da wannan ƙa'ida. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Afirka, mai mazauni a Banjul, ita da kanta ta fitar da ƙa'idojin kula da tarukan jama'a a 2017. In ma ana neman abin da aka shigo mana da shi, to salon gardan zamanin mulkin mallaka ne, masu bulalar karɓar haraji da kamen aikin dole, wanda sai a 1946 aka soke. Sulhu namu ne tun asali, dokar ƙasa ma ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a rigingimun gona da aure da bashi. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan da aikin tsaro tun kafin rana ta ɓaci. Kwamishinan 'yan sanda da kwamandan jandarma su san limamai, su san shugabannin tasha da na 'yan kabu-kabu, su san samarin da ake jin maganarsu a kowace fada, su riƙa zama da fadar Sarkin Kance a kai a kai. Arangamar da aka yi a Mirriya a 2020, lokacin da aka hana sallar jam'i saboda korona, ta nuna irin abin da ke faruwa idan umarni ya sauko kan jama'a ba a riga an yi zaman fahimtar juna ba.

Takarda ita kaɗai ba ta isa ba. Nijeriya ta sabunta dokar amfani da bindiga ta 'yan sandanta, wadda ake kira Force Order 237, a 2019, amma shekara guda bayan haka cin zarafin da rundunar 'yan sanda ta SARS ke yi ya fito da matasa kan tituna. A nan gida, 'yan sanda uku da aka yanke wa ɗaurin shekara guda a 2017 saboda dukan wani ɗalibi sun gurfana ne don hoton bidiyon abin ya bazu a wayoyi. Bai dace adalci ya dogara da sa'ar samun mai ɗaukar hoto a kusa ba. 'Yan sanda da garda suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarmomi suna ƙarƙashin ta tsaro, don haka daga Yamai za a tsara ƙa'ida guda da za ta hau kan dukansu, a fassara ta da Hausa a karanta a gidajen rediyo. Amma akwai abin da shugaban gunduma zai iya farawa da shi ba tare da kasafi ba: littafi a komisariya da barikin jandarma, inda za a rubuta duk ranar da aka yi duka ko aka harba wani abu, wa ya ba da umarni, gwangwani ko harsashi nawa aka fitar, wa ya ji ciwo, ina aka kai shi. Mai gabatar da ƙara na kotu ya riƙa duba littafin, wanda aka ji wa ciwo ko danginsa kuma su samu damar ganin shafin da ya shafe su.