Babban Jirgi da Lissafin Mai

Ku sani akwai jiragen sama biyu da suka shahara da girma a duniya. Na farko shi ne Boeing 747 na Amurka, wanda ya fara jigila a 1970, kuma alhazai da yawa sun hau shi daga Kano zuwa Jidda. Na biyu shi ne Airbus A380 na ƙasashen Turai, bene ne hawa biyu, ya fara aiki a 2007. Yakan ɗauki mutum wajen 500, tankunansa kuwa suna cin mai lita 320,000. Kowannensu injinsa huɗu ne.

Hikimar da aka gina su a kanta sananniya ce ga kowane madugu: in an raba guzurin tafiya kan mutane da yawa, rabon kowa ya yi sauƙi. Amma da sharaɗi, sai jirgin ya cika. Raƙumi yana cin abincinsa ko da kaya a bayansa ko babu. Haka jirgi: albashin matuƙa, da kuɗin sauka, da gyaran injin huɗu, ba sa raguwa don kujeru sun zama wofi. Kuma mai kansa kaya ne, sai an ƙona wani don a ɗauki wani. Jirgin alhazai ma, da yake tashi cike, yakan komo ba kowa, sai kuɗin komowar ya hau kan kujerar alhaji.

Daga baya aka ƙero masu injin biyu, Boeing 787 da ya fara aiki a 2011 da Airbus A350 da ya fara aiki a 2015, jikinsu marar nauyi, shan mansu kaɗan, ga nisan zango. Cika kujera 300 ya fi cika 500 sauƙi, sai kamfanoni suka juya gare su. A380 guda 251 kurum aka sayar, kusan rabinsu na kamfanin Emirates ne na Dubai, inda matafiya ke haɗuwa daga ko'ina. Aka daina ƙera shi a 2021, aka kuma miƙa 747 na ƙarshe a 2023.

To, mai neman riba, kada girman abin hawa ya ruɗe ka. Fara ƙirga masu hawa tukuna, zuwa da komowa.