Tsare Tsofaffin Kwabbai Daga Ɓarayi: Abin Da Ya Kamata Mai Ajiya A Gida Ya Sani

JOS – A gidaje da dama na Anguwan Rogo, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a Jihar Filato, ana samun tsofaffin aninai da kwabbai da sulalla waɗanda aka gada daga iyaye da kakanni, an ƙulle su a tsumma ko an zuba su cikin gwangwani an tura ƙarƙashin gado. Waɗannan kuɗaɗe sun daina sayen komai a kasuwa, amma wasu daga cikinsu suna da daraja wajen masu tara kayan tarihi da maƙeran azurfa, abin da ya sa ɓarayi da 'yan damfara ke sa musu ido.

Samun irin wannan ajiya a Jos ba abin mamaki ba ne. Tun farkon ƙarni na 20 aikin haƙar kuza ya jawo dubban leburori da 'yan kasuwa daga Kano da Zariya da Bauchi da sauran wurare, musamman bayan da ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya kai Bukuru a 1914. Da tsabar kuɗi ake biyan ma'aikatan, kuma abin da ya rage a hannun wasu iyalai shi ne jikokinsu ke riƙe da shi a yau.

Matakin farko na tsaro shi ne mai ajiya ya san abin da ya mallaka. A 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huda a tsakiya domin Nijeriya, kuma aninin wannan shekara, wanda aka yi da alminiyam, ana lissafa shi a matsayin tsabar kuɗin farko da aka yi da wannan ƙarfe a duniya. Bayan kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, an fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa daga 1913, sannan daga 1920 aka koma ga gaurayen tagulla. Akwai kuma kwabo da ɗari da anini na 1936 masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas na Ingila, wanda bai cika shekara guda a kan gadon sarauta ba. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasar na kanta a ranar 1 ga Yuli, 1959, kafin Naira da Kwabo su maye gurbin fam da sule a ranar 1 ga Janairu, 1973.

Har ila yau, wasu gidaje na da liyari, watau azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda fatake suka riƙa shigowa da ita ƙasar Hausa. Nauyin kowace ɗaya ya kai giram 28, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na nauyin azurfa ce. Sai dai ya kamata a lura cewa shekarar 1780 da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce, domin an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har bayan shekaru fiye da 200. Haka nan ba kowane tsohon kwabo ne mai tsada ba, saboda da yawa an buga su miliyoyi. Ƙarancin samuwa, da lafiyar rubutun jiki, da irin ƙarfen, su ne ke yanke farashi.

Barazanar da ke fuskantar wannan ajiya iri uku ce. Ta farko ita ce sata, wadda sau da yawa daga cikin gida take fitowa, musamman a unguwa mai cunkoso inda gidajen haya suka yi yawa kuma ake shige da fice ba dare ba rana. Tsabar kuɗi ba ta da lamba irin ta takardar kuɗi, saboda haka da zarar ta isa hannun mai narkarwa ko 'yan gwangwan, to, ta tafi ke nan. Ta biyu ita ce gobara da tarzoma. Mazauna Jos ba su manta da rikice-rikicen Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010 ba, lokacin da aka ƙona gidaje, jama'a suka gudu suka bar kayansu, haka kuma da gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002. Ta uku ita ce danshi, wanda ke cin ƙarfe a hankali ba tare da mai shi ya farga ba.

Wannan ne ya sa wasu ke sayen akwatin ƙarfe na ajiya, wanda aka fi sani da sef. Amma akwatunan ba ɗaya ba ne. Akwai wanda aka ƙera domin jure wuta, akwai wanda aka ƙera domin jure fasawa, kuma ba lallai ne guda ya haɗa duka biyun ba. Mai jure wuta yakan kasance da siririn ƙarfe wanda aka cika tsakiyarsa da abin da ke hana zafi shiga, don haka ɓarawo mai guduma da ƙarfen ɓanɓara zai iya buɗe shi. Mai jure fasawa yana da ƙarfe mai kauri, amma idan ba a yi masa rigar wuta ba, zafi na ratsa shi cikin sauri.

Mai saye zai iya gane bambancin daga tambarin da ke maƙale a bayan ƙofar akwatin. Ma'aunin Turai mai lamba EN 1143-1 na nuna ƙarfin jure fasawa daraja-daraja, yayin da ma'aunin Amurka mai lamba UL 72 ke nuna tsawon lokacin da akwatin zai yi cikin wuta ba tare da zafin cikinsa ya wuce digiri 177 a ma'aunin Salshiyas ba. Akwatin da ba shi da tambarin gwaji, musamman na hannu wanda aka shigo da shi daga waje, maganar mai sayarwa kawai ake da ita a kansa.

Bugu da ƙari, akwatin da mutum biyu za su iya ɗauka bai tsare komai ba, hasali ma ya tara wa ɓarawo kayan ne wuri guda. Wajibi ne a ɗaure shi da manyan kusoshi a cikin kankaren daɓe ko a jikin bango mai ƙarfi, a kusurwar da ba ta ba da sararin zura ƙarfe. Ɗakin kwanan maigida shi ne wurin da ake fara bincikawa, saboda haka ya fi kyau a zaɓi wani wuri, a kuma yi aikin girkawa ba tare da taron jama'a ba. Game da makulli, mai lambobin juyawa ba ya bukatar batir, shi kuwa na lantarki yana bukatar a riƙa canja masa batir a kan kari, kada kuma a ajiye mabuɗinsa na ko-ta-kwana a ɗaki ɗaya da shi.

Batun danshi na da muhimmanci a Jos, inda damina ke ɗaukar wajen watanni shida, daga Afrilu zuwa Oktoba. Kayan da ake cika akwatin jure wuta da su suna riƙe da ruwa a jikinsu, wanda ke ƙara laima a ciki. Maganin haka shi ne a sa ƙunshin silika mai tsotse danshi, a riƙa busar da shi ko canja shi, a kuma riƙa buɗe akwatin lokaci-lokaci. Kowane kwabo a sa shi a ambulan ɗinsa dabam don kada su goge juna, a kuma guji leda mai laushi ta PVC, wadda ke barin koren dauɗa a jikin ƙarfe. Wanke tsohon kwabo da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe na rage masa daraja ƙwarai, domin masu saye sun fi son sa da launinsa na asali.

Haka kuma ya kamata a rubuta jerin abin da aka mallaka, da shekara da nauyin kowane, a ɗauki hoton fuskokinsa biyu, a ajiye kwafi a wani gida dabam. Wannan jeri shi ne hujjar da za a kai wa 'yan sanda idan an yi sata, shi ne kuma kamfanin inshora ko na takaful zai nema kafin ya karɓi kayan. Wanda ajiyarsa ta yi yawa zai iya raba ta, ya kai mafi tsadar banki inda ake karɓar ajiyar kaya, amma ya sani cewa inshorar Hukumar NDIC, wadda aka kafa a 1988, ta shafi kuɗin da ke cikin asusu ne, ban da kayan da aka ba banki ajiya.

Masu neman sanin asalin abin da ke hannunsu za su iya ziyartar Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ko gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin Nijeriya a Abuja. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izini ba, don haka yana da kyau a tuntuɓi hukumar kafin a ƙulla ciniki da baƙon da ya zo da alkawarin miliyoyi.

Daga ƙarshe, akwai batun gado. Mai ajiyar da ya ɓoye lambobin akwatinsa ga kowa zai iya barin magadansa da aikin fasa ƙarfe da zargin juna. Abin da ya fi dacewa shi ne ya sanar da amintaccen mutum guda daga cikin iyalinsa, ya kuma ambaci ajiyar a cikin wasiyyarsa. Ga sauran jama'a kuwa, tun daga abokan hira a majalisa har zuwa shafukan sada zumunta, shiru ya fi, domin akwatin da ɓarawo bai san da zamansa ba shi ne ya fi wuyar fasawa.