Yadda Ake Shirya Tsohuwar Mota Don Shiga Daji

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙauye da damina ya san cewa inda kwalta ta ƙare, nan wahalar direba take farawa. Ƙaramar mota ba ta iya taɓo, ba ta iya rairayi. Shi ya sa ake neman motoci irin su Land Rover da Toyota Land Cruiser, waɗanda inji yake juya ƙafafunsu duka huɗu. An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948, ita kuwa Land Cruiser ta ƙasar Japan ta sami wannan suna a 1954. Sababbinsu suna da tsada ƙwarai, saboda haka yawancin mutane na hannu suke saye, su kai a shirya musu. Kawuna makaniki ne, kuma a garejinsa na yi hutun da ya wuce, na ga yadda ake wannan aiki.

Abin da ake fara dubawa shi ne ƙarƙashin motar, watau ƙarafan da suke ɗauke da ita. Jikin tsohuwar Land Rover na alminiyam ne, ba ya tsatsa, amma ƙarafan ƙasa suna yi. Sai mutum ya ga mota tana sheƙi, alhali kuwa tsatsa ta cinye ta daga ciki. Bayan wannan sai a bi birki, da kuloci, da lagireto, da giyar taimako wadda take rage gudu ta ƙara ƙarfin ja. In waɗannan ba su da lafiya, duk abin da aka ƙara daga baya asarar kuɗi ce.

Na biyu su ne tayoyi. Hanyar taɓo tana son taya mai manyan haƙora, domin ta kama ƙasa. Rairayi kuwa dabararsa daban ce: a kan rage iskar taya kamar rabi, don ta baje a kan yashi kada ta nutse. Da an hau ƙasa mai tauri dole a mayar da iskar, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe. Don haka famfon iska da safaya biyu ba sa rabuwa da motar.

Na uku, a kan ɗaga motar kaɗan, kamar inci 2, ta hanyar sa mata sifirin masu ƙarfi, don kada cikinta ya riƙa bugun duwatsu. A nan ne mutane da yawa suke kuskure. In aka ɗaga ta fiye da kima, aka kuma jibga kaya a bisa rufinta, nauyinta ya koma sama ke nan, da ta hau gefen tudu sai ta kife. Kaya masu nauyi a ƙasa ake shirya su, tsakanin ƙafafun gaba da na baya.

Har ila yau, a kan ja bututun da inji yake shaƙar iska a kai shi daidai rufin mota. Amfaninsa biyu ne: inji ba ya shan ƙura da yawa, kuma ruwa ba ya shiga cikinsa in za a ƙetare rafi. Injin da ya sha ruwa kuwa yakan lalace nan take. Sa'an nan a tanadi shebur, da jak mai tsawo, da igiya mai ƙwari, da faifan ƙarfe na sawa a ƙarƙashin taya in mota ta kafe. A ƙara da jarkunan mai da na ruwa, tare da tuna cewa jarkar ruwa mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan aikin masu sha'awa ne kawai. A watan Oktoba na 2013, an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, yawancinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. A wurin da babu gareji babu rijiya, ƙaramar matsala takan zama ajali. Shi ya sa direbobin hamada masu hankali ba sa tafiya da mota ɗaya tak.

Daga ƙarshe, kawuna yakan gaya wa masu kawo masa aiki su fara kashe kuɗinsu a kan abin da ido ba ya gani, fitilu da fenti su biyo baya. Ya kuma ce a gwada motar kusa da gida kafin a yi nisa da ita, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.