Ɗan Dahomi Da Ya Ƙera Wa Likitoci Hannu

Jama'a, mu nan unguwar Safa ta Jidda mun sha jin dattawa suna cewa gara su mutu a gida da a ce na'ura ta fede su. Don haka muka ga ya kamata mu ba ku labarin ɗaya daga cikin maƙeran irin waɗannan na'urori.

Sunansa Bertin Nahum. An haife shi a Dakar a 1969, iyayensa kuwa mutanen Dahomi ne, watau ƙasar Benin ta yanzu. A Faransa ya girma. Ya yi karatun injiniya a birnin Liyon, sa'an nan ya ƙaro ilmin mutum-mutumi a Kwabantiri ta Ingila. Shi ba likita ba ne, amma ya yi shekaru yana aiki da masu fiɗa, har ya gane inda hannun ɗan Adam yake gazawa.

A 2002 ya kafa kamfanin Medtech. Ya fara ƙera na'urar aikin gwiwa, ya sayar da fasaharta a 2006, ya zuba kuɗin cikin wata mai suna ROSA, ta aikin ƙwaƙwalwa. Ku 'yan kasuwa kun san wannan dabara: riba ta koma uwar kuɗi. A 2016 kamfanin Zimmer Biomet na Amurka ya saye Medtech. Bai zauna cin riba ba, a 2017 ya kafa Quantum Surgical, suka ƙera Epione don ciwon dajin hanta.

To, yaya take aiki? Da fari a ɗauki hoton cikin jikin majiyyaci. Likita ya duba hoton a kwamfuta, ya shata hanyar da allura za ta bi. Hannun na'ura ya tsaya daidai wurin, ba rawa ba gajiya, likita ya soka allurar ta fata har cikin ƙarin, a ƙone shi da zafi ko a daskarar da shi. Ba a tsaga ciki ba. Ashe na'ura ba ta yanke shawara, likita ne mai linzami.

Abin ya iso ƙasar nan. A Satumba 2024, a Asibitin Sarki Faisal na Riyad, Dokta Firas Khalil da jama'arsa suka dasa wa yaro ɗan shekara 16 zuciya, aikin duka da hannun na'ura, karo na farko a duniya.

Saboda haka, dattawa, in likita ya ce a yi hoto ko aiki, ku tambaye shi har ku gamsu, kada tsoro ya sa ciwo ya yi nisa. Ku kuma iyaye, mu da muke zaune da yara da allunansu mun ga masu kan lissafi da yawa da aka cire daga makaranta aka kai tsaron kanti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A bar su su yi karatu.

Haza wasalam.