HOTON JIRGIN DA YA HALAKA A BUSA

Mutumin Yelu idan ya tafi Gaya, yakan ga babban kogi wanda ake kira Isa, ko kuwa Kwara. Daga Gaya kogin yana gangarawa Nijeriya, ya bi ta Yawuri, ya kai Busa. A da akwai manyan duwatsu cikin ruwa a Busa, kuma ruwan yana gudu da ƙarfi ƙwarai.

A cikin tsofaffin littattafan Turawa akwai wani hoto na wannan wuri. Ana ganin jirgi ya maƙale a dutse, mutane a gaɓa suna harbi da kibau, Turawa suna faɗawa cikin ruwa. Jirgin Mungo Park ke nan.

Mungo Park likita ne. Gwamnatin Ingila ta aiko shi don ya gano inda kogin yake ƙarewa. A Sansandin, cikin ƙasar Mali ta yanzu, ya haɗa kwalekwale biyu ya yi jirgi guda, tsawonsa wajen mita 12. Ya sa masa suna Joliba. Suka tashi a watan Nuwamba na 1805, suka yi tafiyar fiye da kilomita 1.600 bisa ruwa. Sun wuce ta gaban Gaya. A Yawuri tafintansu, Amadi Fatuma, ya sauka. Da suka kai Busa a farkon 1806, jirgin ya hau dutse, faɗa ya tashi, Park da abokansa suka nutse.

To, wa ya zana hoton? Ba wanda ya gani da idonsa ba ne. A lokacin babu na'urar ɗaukar hoto. Bawa guda da ya tsira shi ya ba Amadi Fatuma labari. Amadi ya gaya wa Isako, wanda aka aiko neman Park a 1810. Aka buga labarin a Landan a 1815. Daga baya masu zane suka karanta, suka sassaƙa hoton bisa katako ko ƙarfe, aka shafa tawada, aka buga a takarda.

Saboda haka hoton yana nuna abin da mai zane ya zata ne. Mai kallon tsohon hoto ya kamata ya tambaya: wa ya yi shi, yaushe, kuma daga bakin wa ya ji?

Tsohon garin Busa da duwatsunsa suna ƙarƙashin ruwa tun 1968, lokacin da aka gina madatsar Kainji.

TAMBAYOYI
1. Me ya kawo Mungo Park kogin Isa?
2. Ta bakin mutum nawa labarin ya bi kafin a buga shi?
3. Ina tsohon garin Busa yake yanzu?